Miyar Girkawa da Ba a Girkawa

Akwai wata miya da duniya ta sani da sunan Girkawa, alhali kuwa ba a girka ta. Ba ta hawa murhu, ba ta san hayaƙi ba. Kayan haɗinta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: kindirmo mai kauri, kokwamba, tafarnuwa, man zaitun, gishiri da ɗan abin tsami. Mutanen ƙasar Girka suna rubuta sunanta tzatziki, a baki kuma yakan fito kamar "zaziki". Da ita suke cin gasasshen nama, a cikinta suke dangwala burodi, kuma da wuya a shiga gidan abinci a birnin Atina a tarar babu ita.

Duk wanda ya iya dama fura zai iya haɗa ta. To amma idan muka tsaya muka tambayi kowane ɗaya daga kayan haɗin nan inda ya fito, sai mu tarar ƙaramin kwanon ya ɗauko tarihin makiyaya, da na daular da ta yi fiye da shekara 600, da na mutum sama da miliyan ɗaya da rabi da aka raba da gidajensu ta hanyar sa hannu a takarda. Sunan ma kansa na aro ne, kuma daga bakin maƙwabcin da Girkawa suka fi daɗewa suna gaba da shi aka aro shi.

Madarar da ta ƙi lalacewa

Matsalar makiyayi a ko'ina ɗaya ce: madara ba ta jure zafi. Idan aka tatsa da safe ba a yi mata dabara ba, kafin yamma ta juya. Dabarar da aka gano ta girmi rubutu, kuma al'ummu da dama sun gano ta, kowa a rugarsa. A tafasa madarar, a bari ta huce har yatsa ya iya jure ɗuminta, a zuba mata ɗan cokali na kindirmon jiya, a rufe a ajiye a wuri mai ɗumi. Kafin gari ya waye ta kama jikinta. Abin da ke faruwa a cikin ƙwaryar shi ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna cin sukarin da ke cikin madarar suna mayar da shi tsami. Tsamin ne ke daskarar da ita, shi ne kuma ke hana ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci samun wurin zama. Wannan ita ce hanyar da matan Fulani ke bi su kawo mana kindirmo, ita ce kuma hanyar makiyayan tumaki da awaki a duwatsun Girka, da Anatoliya, da Iran, da tsakiyar Asiya.

Girkawan dauri sun san madara mai tsami. Suna kiranta oksigala, kuma babban likitansu Galen, wanda malaman Larabci suka sani da Jalinus, ya yi magana a kanta a ƙarni na biyu bayan haihuwar Annabi Isa. Amma kalmar da Bagirke ke amfani da ita a yau ba wannan ba ce. "Yaurti" yake cewa, kuma daga Turkanci ta zo masa, kamar yadda "yogot" ɗin da muke saya a kanti ta biyo ta bakin Turawa daga can. Kalmar tana cikin ƙamus ɗin da Mahmud al-Kashgari ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 1072 zuwa 1074, mai suna Diwan Lugat al-Turk, wanda ya tsara don Larabawa su koyi harshen Turkawa. A daidai wannan zamani ne, bayan yaƙin Manzikert na 1071, Turkawa makiyaya suka fara kwarara cikin Anatoliya da garkunansu, ƙasar da a lokacin take hannun sarakunan Rumawa masu magana da Girkanci.

Saura mataki ɗaya kafin kindirmo ya zama abin da zaziki ke bukata, wato tacewa. Ana juye shi a ƙyalle ko jakar yadi a rataye, ruwa-ruwan ya yi ta ɗiga har abin da ya rage ya yi kaurin da cokali zai tsaya a ciki. Makiyayi ba don marmari ya yi haka ba. Tataccen kindirmo ya fi daɗewa, ya fi sauƙin ɗauka a bayan jaki, kuma ya fi riƙe ciki.

Baƙuwar da ta zo daga Indiya

Kokwamba 'yar ƙasar Indiya ce, a can aka fara nomanta tun kimanin shekara 3,000 da suka wuce. An daɗe ana ba da labarin cewa Sarkin Rum Tiberiyus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37, kullum sai an kawo masa ita a kan teburinsa, har ma'aikatansa suka riƙa shuka ta a cikin akwatuna masu ƙafafu, suna tura su rana da safe, suna shigar da su ɗaki idan sanyi ya sauko. Sai dai masu binciken tarihin tsirrai da suka bi tsofaffin zane-zane da rubuce-rubuce sun nuna cewa abin da Rumawa da Girkawan dauri ke ci wani dogon ɗan itace ne daga dangin gurji, ba kokwambar da muka sani ba. Irin wannan ne Larabawa ke kira ƙissa'u, wanda sunansa ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 61, cikin kayan lambun da Banu Isra'ila suka yi marmari.

Kokwamba ta ainihi sai daga baya ta isa bakin tekun Bahar Rum, ta biyo ta ƙasar Farisa. Shaidar tana nan a sunanta: Farisawa suka ce khiyar, Larabawa suka karɓa suka ce khiyar, Turkawa suka ce hiyar. Ke nan duk mai cewa Aflatun da Aristo sun ci zaziki irin na yau ya ɗan zarce gona da iri. Tafarnuwa da man zaitun dai sun ci su, don waɗannan biyun tsofaffin 'yan gida ne a Girka. Kwanon da muke magana a kai sai da ya jira baƙuwar daga gabas.

A gabas ɗin kuma aka fara jin sunan. A littafin girke-girke da Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tara a Bagadaza a ƙarni na goma akwai wani haɗin nono da ganyayyaki mai suna jajaƙ. Har yau mutanen Iraƙi jajik suke kiran kindirmo da kokwamba.

A ƙarƙashin Sarkin Santambul

A 1453 Sultan Muhammad na Biyu ya ci birnin Ƙusɗanɗiniyya, wanda kakanninmu suka sani da Santambul, mu kuma muke ce wa Istanbul. Atina ta biyo baya a 1458. Daga nan mafi yawan ƙasashen Girkawa suka shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa na kusan shekara 400, wasu yankunan ma fiye da haka: birnin Tasalonika bai koma hannun Girka ba sai a 1912.

Littattafan makarantar Girka suna tuna wannan zamani da haraji, da tawaye, da yaran Kiristoci da ake ɗebewa a mayar da su sojojin sarki. Duk gaskiya ne. Amma akwai wani tarihin da ke tafiya a gefen wannan, na kasuwa da ɗakin girki. A Istanbul, da Simirna, da Tasalonika, Baturke da Bagirke da Ba'armene da Bayahude kasuwa ɗaya suke ci. Mai tallan yogot yakan ratsa unguwanni da sanda a kafaɗa, faranti na lilo a kowane gefe, kuma ba ya tambayar addinin mai saye. Maƙwabciya ta ɗanɗana na maƙwabciya ta tambayi yadda aka yi. Haka sunaye suka riƙa tsallaka katanga: dolma ta zama dolmades, kofte ta zama keftedes, jajik ta zama zaziki.

Yadda wannan na ƙarshen ya sauya ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Turkawa suna rubuta kalmar cacık, domin a rubutunsu harafin c yana ba da sautin j. Girkanci ba shi da wannan sautin, sai ya maye gurbinsa da mafi kusa da shi, sannan ya liƙa wasali a ƙarshe don kalmar ta zauna daidai a bakinsa. Abin da muka yi wa bokiti da asibiti ke nan.

A rubuce, ana iya bin sawun kalmar a Turkanci. Matafiyin nan Evliya Celebi na ƙarni na 17 ya ambace ta a matsayin sunan wani ganye da ake sa wa abinci. A 1844 aka buga littafin girki na farko na daular, Melce'üt-Tabbahin na Mehmed Kamil, wato mafakar masu girki, kuma jajik tana ciki a matsayin yogot da kokwamba da tafarnuwa. Ƙamus ɗin Ahmed Vefik Pasha na 1876 shi ma ya kawo ta.

Daga tushe ɗaya kowace ƙasa ta ja nata reshen. Baturke yakan tsinka jajik da ruwan sanyi, ya barbaɗa busasshiyar na'ana'a, ya sha da cokali a gefen shinkafa ko wake. Mutanen Bulgeriya suna da tarator, mai ruwa-ruwa, da dakakken gyaɗar bishiya. A tsibirin Kubrus talaturi ake ce mata. Iraniyawa suna da mast-o-khiyar, wani lokaci har da zabibi. Indiyawa suna da raita, Larabawan Sham kuma khiyar bi laban. Abin da ya bambanta ta Girkawa shi ne kauri: ba a sa mata ruwa ko ɗigo, ana ma matse wanda ke cikinta ne, sannan a cika ta da tafarnuwa da man zaitun.

Shekarar da aka yi musayar mutane

Girkawa sun tayar da yaƙin neman 'yanci a 1821, manyan ƙasashen Turai suka amince da ƙasarsu a 1830. Amma ƙasar ƙarama ce, kuma ɗimbin Girkawa sun ci gaba da zama a Anatoliya, inda kakanninsu suka zauna tun kafin zuwan Turkawa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Girka suka sauka a Simirna a 1919 suka nausa cikin ƙasa. Rundunar Mustafa Kemal ta kora su, kuma a watan Satumba na 1922 gobara ta cinye unguwannin Girkawa da Armeniyawa na Simirna, birnin da yau ake kira Izmir. Dubban ɗaruruwan mutane suka cika bakin teku suna neman jirgi.

Ranar 30 ga Janairu 1923, a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, gwamnatocin biyu suka sa hannu a yarjejeniyar musayar jama'a ta dole. Kiristocin Otodoks na Turkiyya su koma Girka, Musulmin Girka su koma Turkiyya, ban da wasu 'yan yankuna da aka ware. Kimanin Kirista miliyan 1.2 ne abin ya shafa, yawancinsu ma sun riga sun gudo, da Musulmi tsakanin 350,000 zuwa 400,000. Addini aka duba, ba harshe ba. Saboda haka aka kwashi Kiristocin Karamanli na tsakiyar Anatoliya, waɗanda Turkanci ne harshen gidansu, aka kai su Girka, aka kuma kwashi Musulmin tsibirin Karita masu jin Girkanci aka kai su Turkiyya. Kowa ya isa "gida" ya tarar shi baƙo ne.

Ƙidayar 1928 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a Girka ɗan gudun hijira ne. Sun kafa unguwanni a gefen Atina suka sa musu sunayen garuruwan da suka baro, irin su Sabuwar Simirna da Sabuwar Iyoniya. Ba su zo da gona ba, ba su zo da gida ba, wasu ko tukunya ba su ɗauko ba. Abin da ke hannun matansu ne kawai ba a iya ƙwacewa a tashar jirgi ba. Yogot ba baƙo ba ne a ƙauyukan makiyayan Girka, amma waɗannan mutane sun zo da ɗanɗanon manyan biranen gabas: kayan ƙamshi, da ƙwallayen nama irin na Simirna masu tafarnuwa, da al'adar jera ƙananan kwanoni a tsakiyar tebur kowa ya sa hannu, wadda ake kira meze. A cikin wannan jeri zaziki ta samu mazauninta na dindindin. 'Yan ƙasa da farko sun raina su, har da yi musu laƙabin cin fuska da ke danganta su da Turkawa. Jikokin masu rainin ne a yau ke kiran abincin nan na gado.

Masu son wanke tukunya

Sabuwar ƙasa tana son sabon labari, kuma an samu masu ganin cewa sai an kankare duk wani ƙanshin gabas daga tukunyar Girka kafin ta cancanci zama cikin Turai. Jagoransu a ɗakin girki shi ne Nikolaos Tselementes, ɗan tsibirin Sifnos, wanda aka haifa a 1878 ya rasu a 1958. Ya fara fitar da mujallar girki a 1910, littafinsa kuma ya shiga gidaje har sunansa ya zama kalmar da Girkawa ke kiran kowane littafin girki da ita. A ganinsa yawan tafarnuwa da mai da kayan ƙamshi gurɓata ce da aka gada daga mulkin Turkawa. Ya karkata ga salon Faransa, kuma ana danganta masa farar miyar madara da fulawa da ake shimfiɗawa a saman musaka a yau.

Siyasa ma ta sa baki. Gahawar da Girkawa suka daɗe suna kira "ta Turkawa" ta koma "ta Girkawa", musamman bayan da sojojin Turkiyya suka shiga Kubrus a 1974. Naman da ake gasawa a tsaye yana juyawa, wanda Turkawa ke kira doner, wato mai juyawa, ya samu sunan Girkanci mai ma'ana ɗaya: giros. A Girka yawanci da naman alade ko na kaza ake yin sa, a Turkiyya kuwa da na rago ko na sa ko na kaza. Zaziki dai ta tsallake duk wannan wanki. Ba a rage mata tafarnuwa ba, ba a kuma sauya mata suna ba.

Tare da giros ɗin ta fita duniya. Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Girka a 1960, da Turkiyya kuma a 1961, ga kuma Girkawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ostareliya suka buɗe gidajen abinci. Baturen da ya fara ɗanɗana ta a shagon Bagirke, ko a hutun da ya je tsibiran Girka, da sunan da ya ji ya tafi.

Da suna ya zama kuɗi

Shi kansa yogot ya bi irin wannan hanya. A 1905 wani ɗalibin likita ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano ƙwayar halittar da ke tsamar da shi a wani ɗakin bincike a Janeba. Masanin nan Ilya Mechnikov na Cibiyar Pasteur ya yaɗa ra'ayin cewa shan sa na ƙara tsawon rai. A 1919 Isaac Carasso, Bayahude haifaffen Tasalonika, ya fara yin sa a Basalona yana sayarwa ta shagunan magani, ya sa wa kamfanin sunan ɗansa Daniel. Shi ne Danone.

Laƙabin "yogot na Girka" kuwa ɗan kwanan nan ne. A Girka ba haka ake kiransa ba. Strangisto suke cewa, Turkawa su ce suzme, ma'anar duka biyun "tatacce", Larabawa kuma suna da labna. Kamfanin Fage, wanda ya faro daga wani shagon madara a Atina a 1926, shi ya kai tataccen yogot kasuwannin Ingila da Amurka, masu saye suka laƙaba masa sunan ƙasar da ya fito. Sai ga Hamdi Ulukaya, Bakurde daga gabashin Turkiyya, ɗan gidan masu kiwo, ya sayi wata tsohuwar masana'anta a jihar Niyu Yok a 2005, ya fara sayar da nasa a 2007 da sunan yogot na Girka. Ya kira kamfanin Chobani, daga kalmar da ke nufin makiyayi a Turkanci, wadda Girkanci ma ya ara. Cikin 'yan shekaru ya shiga sahun gaba a kasuwar Amurka.

Da ya nufi Ingila sai Fage ta kai ƙara. A 2013 babbar kotu a Landan ta yanke cewa ba a sayar da yogot da wannan suna a can sai wanda aka yi a Girka, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2014. A Amurka babu wannan doka. Wato abu ɗaya, a gefe ɗaya na teku sunan ƙasa ne, a ɗaya gefen sunan salo ne. Makiyayan da suka fara rataye jakar a jikin itace ba su da wakili a zaman kotun.

A namu kwanon

Mai son haɗa ta a gida zai ga kowane mataki yaƙi ne da ruwa. A samu kindirmo mai kyau wanda aka yi da tafasasshiyar madara, ko yogot marar sukari, kamar kofi huɗu. A juye a matacin koko mai tsabta, a ɗora a kan kwano a sa a firij na wasu awoyi ko ya kwana, har ya koma kusan rabi. Wanda ya samu tataccen na kanti ya huta da wannan.

A goge babbar kokwamba ɗaya da magogin kuɓewa, a barbaɗa gishiri a bar ta kamar minti goma sha biyar. Kusan kashi 95 cikin ɗari na kokwamba ruwa ne, gishirin ne zai jawo shi waje. Sai a sa a ƙyalle a matse iya ƙarfi. Wanda ya yi ƙyuyar matsewa, jajik ɗin Turkawa zai samu, ba zazikin Girkawa ba. A daka tafarnuwa ƙwaya biyu da ɗan gishiri har ta yi laushi, a haɗa duka da cokali biyu na man zaitun da cokali ɗaya na ruwan khal ko na lemun tsami. Girkawa sukan yanka wani ganye mai siraran gashi da suke kira anito, amma na'ana'a ma ta wadatar. A rufe a sa a firij awa ɗaya ko biyu. Tafarnuwa tana ƙara ƙarfi ne idan ta zauna, don haka kada a yi saurin ƙarawa. Idan babu tabbacin wuta, a yi daidai wadda za a cinye a ranar. Tana tafiya da gasasshen nama, da kaza, da soyayyen dankali, da gurasa.

To ta wace ce? Ta Girkawa ce, don sun riƙe ta, sun ba ta kaurinta, sun kuma ɗauke ta zuwa duniya. Sunanta na Turkawa ne, tsohon sawunta yana Bagadaza, kokwambarta ta Indiya ce ta hannun Farisawa. Babu ɗaya daga waɗannan da ya ƙaryata ɗan uwansa. Masu zana iyaka sun raba ƙasa, sun raba mutane, sun sauya sunayen garuruwa da na gahawa. Amma yau da rana, a Atina da Izmir, garuruwa biyu da teku ɗaya ya raba, akwai matan da ke tsaye suna goga kokwamba a kan kwanon yogot. Ɗaya za ta matse ruwan, ɗaya za ta ƙara.